Gidan baƙi a Agege ko shotlet a Lekki: wanne ke barin wani abu a aljihu?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma na fi son waɗanda suka taɓa sana'ar da hannunsu su yi magana. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gidan sama a Agege, nan Legas, mai ɗaki 12, shida ƙasa shida sama, 'yar tafiyar ƙafa ce zuwa tashar jirgin ƙasa. Mu biyar ne magada. Tun muna yara 'yan haya ne a ciki, kuma abin da ke shigowa a shekara in aka raba biyar, ko kuɗin makarantar yara ba ya biya. Ni ina ganin mu gyara shi ya koma gidan saukar baƙi. Ƙanena ya kafe a kan a sayar, a kama fulat biyu a Lekki, a zuba kujeru da talabijin a riƙa ba da hayar kwana-kwana, abin da suke kira shotlet. Yayarmu kuwa cewa ta yi a ƙyale 'yan haya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanne ya fi tsoka?

Direban Apapa:
Allah ya jiƙan Baba. Ni dai in kun buɗe a sa min ɗaki mai fanka, na gaji da kwana a kan tirela.

Matashin Lekki:
Wa alaikumus salam. Yaya, ƙanenka ya hango abin da ba ka hango ba. Shekarata uku ina riƙe da fulat ɗaya a wajen Lekki. Ba ni da mai karɓar baƙi, ba ni da kuku, ba ni da manaja. Mai shara ɗaya ce, ita ma sai baƙo ya tashi nake kiranta. Mai gadi da ruwa da janareto na rukunin gidajen ne, kuɗin hidima kawai nake biya. A watan Disamba, in 'yan Ingila da Amurka suka sauko hutu, kai ne ma za ka riƙa zaɓar wanda za ka ba. Abin da fulat ɗaya ke kawowa a dare ɗaya sai ka haɗa ɗaki biyar na Agege kafin ka same shi.

Akawun Ikeja:
Ɗan'uwa na Lekki, ka ba mu labarin Disamba, saura na watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya cika titunan Lekki. Na yi shekaru ina riƙe littafin kuɗi a otal-otal biyu a Ikeja, kuma abin da na fara koya shi ne farashin da aka rubuta a allo ba shi ne ciniki ba. Ɗakin kwana kamar tumatirin kasuwar Mile 12 yake, har ya fi shi saurin lalacewa. Tumatiri in ya kwana ka karya farashi ka sayar wa masu markaɗe. Ɗakin da ya kwana babu kowa, wannan daren ya tafi ke nan har abada.

Don haka lissafin da ake yi shi ne: nawa kowane ɗaki ya kawo a dare, da wanda aka kwana a ciki da wanda ya kwana a rufe. Mu ɗauka a misali gidanku ne, ɗaki 12 a kan naira 20,000. In ya cika kullum, wata ɗaya naira 7,200,000. Amma ba ya cika kullum, ko otal ɗin da ya fi kowane suna ba ya yi. In rabi ake kamawa, 3,600,000 ke nan, wato kowane ɗaki 10,000 yake kawowa a dare, ba 20,000 ba. Yanzu ɗauki fulat na naira 100,000 a dare. In kwana 10 aka kama a wata, miliyan ɗaya ce, wato wajen 33,000 a dare in ka raba da 30. Har yanzu kuɗi ne, ban ƙi ba. Sai dai ka cire kuɗin hayar Lekki ko jarin da ka binne wajen saye, da kuɗin hidimar rukunin gidaje, da kamashon wanda ya kawo baƙon. Shafuka irin su Booking.com sau da yawa wajen kashi 15 cikin 100 suke yanka, dillalan Instagram kuma kowa da nasa.

Abin da ya fi damuna da fulat biyu shi ne, in ɗaya ya kwana a rufe, rabin sana'arku ce ta yi barci. Mai ɗaki 12 in uku sun kwana a rufe, ko a jikinsa.

Matashin Lekki:
Malam Akawu, gaskiya ɗaya ce, damina akwai sanyin kasuwa. Amma ai ba masu yawon buɗe ido kaɗai muke jira ba. Akwai ma'aikatan kamfani da ake turowa aikin wata ɗaya, akwai masu gyaran gida da ke neman inda za su fake, akwai masu ɗaukar fim. In na samu mai wata guda sai na rage masa, hankalina ya kwanta.

Akawun Ikeja:
To ka ga ka dawo kan maganar yayarsu ke nan ba ka sani ba. Da ka ba mutum wata guda a farashi mai sauƙi, ai ɗan haya ka samu, sai dai kai ke biya masa wuta da intanet.

Alhaji Mai Goro:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Wannan sana'a ta saukar baƙi da kuke yi wa lissafi da kwamfuta, ita ta kafa Hausawa a Agege. Goro ne ya kawo kakanninmu nan, jirgin ƙasa yana ɗaukarsa zuwa Arewa, shanu kuma suna gangarowa. Bafatake in ya taso daga Kano ko Sakkwato ba otal yake nema ba, gidan maigidansa yake sauka. A ba shi tabarma a zaure ko ɗakin baƙi, a kawo masa tuwo daga cikin gida, ya damƙa wa maigida kuɗinsa ajiya. Ba a karɓar ko kwabo na kwana. To ina ribar? La'ada. Maigida shi ke haɗa shi da mai saye, shi ke tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, shi ke da rumfar ajiye huhunan goro. Ɗakin kwana ƙugiya ce kawai, kifin yana wani wuri.

Ni na taso na tarar da wannan a gidanmu, kuma ban ga abin da ya canza ba sai suna. Ɗana, in ka buɗe gidan baƙi kana jiran kuɗin gado kaɗai, za ka sha wahala. Ka tambayi kanka me baƙon ya zo yi Ikko, sannan ka tsaya a kan hanyar wannan buƙatar.

Ɗan Agege:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi mahaifinmu ma haka ya fara, ɗakunan ƙasa na baƙin goro ne kafin a zuba 'yan haya.

Akawun Ikeja:
Ranka ya daɗe, abin da kuka faɗa shi manyan otal ke yi har gobe. Eko Hotel da ke Victoria Island yana da ɗaki sama da 800, amma duk wanda ya san wurin ya san manyan zaurukan taronsa ne ke jawo jama'a: taron kamfanoni, bikin ba da kyauta, wasan mawaƙa. Wanda ya zo taro shi zai kama ɗaki, ya ci abinci, ya ba da wanki. Sheraton na Ikeja da Marriott da aka buɗe a 2021 kuma kusancin filin jirgin Murtala Muhammed da Alausa, mazaunin gwamnatin jiha, ke ciyar da su. Irin waɗannan baƙinsu na Litinin zuwa Alhamis ne, kuma kamfani ke biya, ba aljihun mutum ba, shi ya sa ba a cika taya farashi ba.

A ganina wanda ya fi kowa shan wuya a Legas shi ne matsakaicin otal, mai ɗaki 30 ko 40. Ɗawainiyarsa ta manya ce, dole manaja, dole kicin, dole babban janareto dare da rana, amma farashinsa na ƙanana ne, don da ya ɗaga kaɗan baƙo zai tsallaka titi. Ƙaramin gidan baƙi da mai shi ke zaune a kai ya fi shi numfashi nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Sannunku da hira. Ku duk masu gida ne, bari ku ji daga bakin baƙuwa. Daga Kano nake zuwa sarin kaya kasuwannin Balogun da Idumota, wani lokaci sau biyu a wata. Ƙanena na Agege, kada ka ji haushi, ni ba zan sauka Agege ba. In na kwana can, kafin in isa Balogun gosulo ya cinye min safiya, ga dakon kaya da yamma. Mu masaukin tsibirin Legas muke nema ko na Ebute Metta. Naka baƙin daban ne: masu shanu da ke kai wa mayankar Oko-Oba, yaran da ke sarin waya a kasuwar Computer Village ta Ikeja, da wanda jirginsa zai tashi da asuba.

Shotlet kuwa na taɓa gwadawa sau ɗaya da muka zo biki mu shida. Don taron mata ya yi, mun yi girkinmu, mun baje a falo, da aka raba kuɗin ya fi otal sauƙi. Amma ni kaɗai in zo sari in kama fulat mai ɗaki uku, in yi me da shi?

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. Ƙofa mai sakata ta ciki. Banɗaki a cikin ɗaki, da buta, ba sai na yanka gorar ruwa ba. A nuna min alƙibla. Wurin da zan ajiye dila biyar in kulle in riƙe makulli. Wani masauki da na taɓa sauka, kiɗan mashayarsu bai tsaya ba sai ƙarfe uku, ga maza na kai da kawo a baranda. Da gari ya waye ko karyawa ban yi ba na tattara, kuma duk matan da muke tafiya tare na hana su zuwa.

Ɗan Agege:
Hajiya, ai yanzu akwai jan layin jirgin ƙasa na jiha, tun Oktoban 2024 yake ɗaukar fasinja. Daga Agege zai bi Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba ya sauke ki Oyingbo. Daga nan tsibiri ai tsallaka gada ne.

Hajiya Mai Atamfa:
Da jakar hannu, e. Da dila biyar fa? Ka dai riƙe masu shanunka.

Malamin Idi-Araba:
Akwai abin da kowa ke kewayewa, Hajiya ce kaɗai ta taɓo shi. Malam Akawu, don Allah faɗa mana tsakani da Allah, ƙananan otal na unguwa da me suke rayuwa?

Akawun Ikeja:
Allah gafarta Malam, tunda kun tambaya. Da yawansu mashaya ce da hayar awa-awa. Ɗaki ɗaya a juya shi sau uku kafin dare, sannan a ba mai kwana. In ka ga ƙaramin otal ba baƙin kirki amma mai shi na sauya mota, galibi nan ne.

Malamin Idi-Araba:
To ka ji. Ɗan Agege, wannan dukiyar magada ce, har da mata da 'ya'yansu za su ci. In za ku yi, ku san tun yanzu cewa kun rufe waɗannan ƙofofi biyu, kuma ku yi lissafinku ba tare da su ba, kada a yi nisa ciniki ya ja baya wani ya zo yana raɗa muku shawara. Shotlet ma bai tsira ba, don mai fulat yana gida yana barci bai san me ake yi a ɗakinsa ba.

Amma akwai baƙin halal da ba sa yankewa. Mu nan Idi-Araba muna maƙwabtaka da asibitin koyarwa na LUTH. Mutum zai kawo mara lafiya daga nesa, a kwantar da shi sati uku, masu jinya biyu ko uku ba su da wurin sa haƙarƙari. Wasu a masallaci suke kwana. Wanda ya yi musu ɗakuna masu tsafta da ɗan wurin dafa ruwan zafi, a farashin sati, ba zai rasa baƙo ba damina da rani, ga lada. Ciwo bai san Disamba ba.

Matashin Lekki:
Malam, maganarku gaskiya ce, kuma ta taɓa ni. Bara wasu suka kama wurina da sunan mutum biyu, ashe bikin zagayowar haihuwa za su yi. Maƙwabta suka kira ni ƙarfe biyun dare. Na tarar da kujera a ƙone da sigari, talabijin a fashe. Kuɗin ajiyar da na karɓa saboda ɓarna ko rabin gyaran bai yi ba, ga shugabannin rukunin gidajen suka yi min kashedin ƙarshe. Wasu rukunan ma sun hana shotlet ɗungurungum. Duk da haka ban fasa ba, yanzu dai sai na ga katin shaida kuma na san adadin masu kwana.

Injiniyan Oshodi:
Kun yi ta magana ba wanda ya ambaci mai cinye ribar. Wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, masu samun aƙalla awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka daidaita shi ya dawo 209.50. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da yunit ɗaya kaɗan a awa. Baƙo ya kunna awa 10, ka ce yunit 12, wajen naira 2,500 ke nan a ɗaki ɗaya, ban da hita da firji da famfon tura ruwa sama. In a janareto ne, litar dizal ɗaya yunit uku take bayarwa ko sama kaɗan, in injin na da lafiya kuma an ɗora masa kaya daidai. Yunit 12 lita huɗu ke nan, kai ka san kuɗin lita a yau.

Inda gidan baƙi ke zubar da jini shi ne daren da baƙi biyu ne kawai a gida. Janareton da aka saya don ɗaki 12 dole ya tashi saboda mutum biyu, kuma injin dizal ko ba kaya a kansa yana shan mai, ga shi yana lalacewa in ana yawan barinsa ba nauyi. Kuɗin ɗaki biyun nan a tanki za su ƙare.

In ni ne, ga yadda zan yi. Janareto biyu, babba da ƙarami. A raba wayar gidan sama da ƙasa, a riƙa cika hawa ɗaya kafin a buɗe ɗaya. Fitilu da fankoki da famfo a ɗora su kan sola da inbata. Kuma ba kowane ɗaki za a sa wa iyakwandishan ba, huɗu sun isa, saura fanka, farashi biyu. Mai shanun da ya kwana biyu a bayan mota daga Arewa ruwan wanka da katifa yake nema. Sannan kafin komai ku duba takardar wutarku ku ga rukunin da layinku yake.

Direban Apapa:
Na ce fanka tun farko ba wanda ya kula ni.

Akawun Ikeja:
Injiniya ya gama magana. Saura ɓarawon cikin gida. A ƙaramin masauki, yaron da ke kan teburi zai ba da ɗaki ƙarfe sha ɗayan dare, baƙo ya fita da asuba, a gyara gado, littafi bai san an yi ba. Maganinsa biyu: kada a karɓi tsabar kuɗi, sai tiransifa ko POS zuwa asusun gida, sannan kullum a ƙirga zannuwan gadon da aka kai wanki a gwada da ɗakunan da aka rubuta. Zanin gado ba ya ƙarya. Amma duk dabararka, in babu ɗaya daga cikinku da zai zauna a wurin, ku bar wa 'yan haya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma ku manta da hukuma. Legas tana da dokar 2009 da ta ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin ɗaki da abinci da zauren taro, hukumar harajin jiha ke karɓa, ban da harajin sayayya na tarayya, wato VAT, mai kashi 7.5. Rajistar masauki a hannun jiha take, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2013, don haka sai kun bi ta ma'aikatar yawon buɗe ido a Alausa. Gidan zama kuma ba a mayar da shi na kasuwanci sai da izinin hukumar tsara gine-gine. Ga kuɗin ƙasa na shekara, ga na kwasar shara, ga 'yan kwana-kwana da za su duba tukunyar kashe gobara. Ku sa duka a lissafi tun kafin a sayi bokitin fenti.

Matashin Lekki:
Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, kuɗin yana tsibiri. Baƙon da ya zo ganin gadar sama ta gandun Lekki mai tsawon mita 401, ko gidan zane na Nike, ko ya hau kwalekwale zuwa Tarkwa Bay, ba zai kwana Agege ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Shi wannan baƙon sau nawa yake zuwa a shekara, ɗana? Ni sau ashirin nake zuwa.

Alhaji Mai Goro:
Kuma abin kallo yana iya tashi. Ba a Afrilun 2024 aka rushe wurin shaƙatawar bakin teku na Landmark ba, saboda titin gaɓar teku da zai tafi Kalaba? Waɗanda suka kama gidaje kusa don baƙin wurin fa? Mayanka kuwa tun ina saurayi ake kai shanu, kuma Legas ba ta daina cin nama ba. Sannan ku yi tunani kafin ku sayar da gidan gado a Agege. Kuɗinsa in ya saya muku fulat biyu a Lekki ku gode Allah, ni ina shakka. In kuma haya za ku kama ku riƙa bayarwa, ranar da mai gidan ya ga kuna samu zai ƙara muku kuɗi, ko ya karɓe abinsa ya ci gaba da kansa.

Autan Gida:
Yaya, ai ina cikin zauren nan, tun safe nake karantawa. Ka kawo ƙarata gaban jama'a ko sanar da ni ba ka yi ba. Baba Alhaji, na ji maganarku, a bar zancen sayarwa. Amma ni sharaɗina ɗaya: in za a yi gidan baƙin, a sa shi a intanet da hotuna masu kyau da lambar WhatsApp, kada a tsaya jiran sai wanda ya san Baba. Kuma wa zai zauna a wurin? Kai kana kasuwa daga safe har dare.

Ɗan Agege:
Kai mana, tunda kai ne mai son sana'ar baƙi. Ga abin da nake gani, in Yaya Babba ta yarda: 'yan hayar ƙasa su zauna, kuɗinsu ya riƙe mana harajin gida. Na sama shida, in wa'adinsu ya cika a ba su sanarwa yadda doka ta ce, a gyara, biyu da iyakwandishan huɗu da fanka. Tsohon shagon goro na ƙofar gida ya koma ɗakin ajiyar kaya. Mu gwada shekara ɗaya mu ga littafi.

Akawun Ikeja:
Ɗaki shida ba zai ɗauki albashin sama da mutum uku ba, ku sani. Auta da mai shara ɗaya, sai mai gadin dare. Kuma baƙi a sama, iyalai a ƙasa, matakala ɗaya? Za a yi rigima.

Ɗan Agege:
Matakalar ta waje ce, ta gefen titi take hawa. Injiniya, ko za ka samu zuwa ranar Asabar ka duba mana wayoyin? Tun zamanin Baba ba a taɓa su ba.

Injiniyan Oshodi:
Bayan la'asar in sha Allah. A nemo min takardar wuta ta watan jiya, kuma a samo tsani.

Hajiya Mai Atamfa:
Auta, in kun tashi sayen kaya, buta shida da darduma shida. Akwai wata ƙawata mai sarin wayoyi, ita Ikeja take sauka, in kun buɗe ku yi min magana in ba ta lamba.